Tsohon murhun ɗumama ɗaki ya faɗo mana cikin gwangwan: in gyara ko in ɗora a sikeli?

Ɗan_Owode:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masu walda da maƙera da duk wanda ya san kan ƙarfe. A kasuwar Owode Onirin da ke Legas nake harkar gwangwan. Cikin lodin da aka sauke mana daga Arewa, wanda za mu tace mu tura wa masu narka ƙarfe ta wajen Ikorodu, sai yara suka jawo wani tsohon murhu irin na Turawa, wanda ake hura wuta a cikinsa don ɗumama ɗaki. Ƙarfen zubi ne gaba ɗayansa. Ƙafa huɗu, ƙofa biyu, babba ta sa itace, ƙarama a ƙasa ta kwashe toka, a bayansa kuma akwai bakin da ake jona bututun hayaƙi. A jikin ƙofar akwai rubutu, abin da na iya karantawa shi ne FALKIRK, sauran tsatsa ta cinye. A sikeli ya ba ni kilo 94.

Tsatsa ta rufe shi ciki da waje, bangonsa na hagu ya tsage kusan tsawon ɗani, ragar da wuta ke zama a kai ta lanƙwashe ta karye, notocin duk sun kafe. Mahaifiyata tana Bukuru kusa da Jos, sanyin hunturu yana tayar mata da ciwon gwiwa sosai. Raina ya kwanta da in gyara in aika mata. Abokan kasuwa sun ce asara zan yi. Zai gyaru kuwa? Ta ina zan fara?

Sikeli_Ba_Ƙarya:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kilo 94 kuɗi ne a hannu yau ɗin nan. Kafin ka sayi wayar walda ta kas, wato ƙarfen zubi, ka sayi fenti, ka biya kuɗin mota har Jos, ka ninka kuɗin murhun sau nawa. Ka sayar, ka saya wa Hajiya bargo mai kauri da hita ta lantarki, magana ta ƙare.

Ummu_Bukuru:
Hita da wace wutar, Alhaji? Wanda bai taɓa kwana a Filato cikin Disamba ko Janairu ba ba zai gane ba. Jos tana kan tudu, sama da mita 1,200, akwai asubahin da sanyi ke sauka ƙasa da digiri 10. Tsofaffinmu kasko suke cikawa da garwashi su shiga da shi ɗaki su rufe ƙofa, kuma wannan ɗin shi ne abin tsoro. Idan murhun nan yana da bututun da zai fitar da hayaƙi waje, wallahi ya fi kaskon nan alheri nesa ba kusa ba. Allah ya yi maka albarka da ka tuna da ita.

Maiwalda_Idi-Araba:
Ƙanena, zai gyaru, amma ka saurare ni da kyau. Na farko ka hana yaran nan taɓa shi da guduma. Kas ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi, kuma duka ɗaya a wurin da bai dace ba zai mayar da shi gwangwan na gaske. Na biyu, kafin ka kwance ko noti ɗaya ka ɗauki hotonsa ta kowane ɓangare, domin irin waɗannan murahu faranti-faranti ake zuba su, sannan a haɗa da noti a cike tsakaninsu da simintin wuta. In ka wargaza ba hoto, ranar haɗawa za ka sha wahala.

Notocin, ka jiƙa su da kananzir ko WD-40 safe da yamma har 'yan kwanaki. Wanda ya ƙi, ka ɗan gasa kan notin da wutar gas ka bari ya huce ka sake gwadawa. Wanda ya ƙi duk da haka, ka yanke kansa da giranda ko ka huda shi da diril. Noti ba shi da tsada, kunnen da notin ke riƙewa a jikin farantin shi ne in ya ɓalle ba ka da madadinsa. Kada ka sa dogon bututu a jikin sifana ka ce za ka murɗa da ƙarfi.

Ɗalibin_Akoka:
Wannan rubutun na FALKIRK sunan gari ne a Sikotland, kuma garin ya yi suna a duniya wajen zubin ƙarfe. Kusa da shi aka kafa kamfanin Carron a 1759, wanda ya yi ta zuba bindigogin igwa da tukwane da murahu har ya durƙushe a 1982. Masana'antun zubi da yawa sun taso a kewayen garin, kayansu kuma sun bazu duk ƙasashen da Ingila ta mallaka. Tunda lodin daga Arewa ya zo, ina kyautata zaton daga tsofaffin gidajen Turawan kuza na Filato ya fito, irin na Rayfield ko Barikin Ladi ko Bukurun kanta. A Legas ba mai bukatar ɗumama ɗaki. Idan ka goge tsatsar ka duba bayan farantan, sau da yawa akan zuba lamba a kowane faranti.

Sikeli_Ba_Ƙarya:
To in dai tsohon kaya ne haka, ai sai ka nemi masu gidajen abinci na Lekki da Ikoyi da ke son kayan da don ado. Su za su biya ka fiye da kilo, ko walda ba sai ka yi ba.

Ɗan_Owode:
Alhaji na gode, amma ba don sayarwa nake tambaya ba. Malam Maiwalda, na hana yara taɓawa, na kuma ɗauki hotuna. Tsatsar fa? Wani a nan ya ce in zuba masa ruwan batir.

Injiniya_Apapa:
A'a, kada ka kusanci ruwan batir. Asid ne mai ƙarfi, zai ci tsatsa ya ci ƙarfen, ya shige cikin ƙananan ramukan da ke jikin kas ya ci gaba da aiki bayan ka wanke, ga haɗarin ido da fata.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce ta lantarki, kuma duk abin da take bukata yana nan a kasuwarku. Ka sami babban duro na roba, ka cika da ruwa, ka zuba sodar wanki, wato sodiyam kabonet, kamar babban cokali ɗaya a kowace lita 4. Ka rataye farantin murhun a tsakiya da waya. Ka jera tsofaffin rodi ko guntayen ƙarfe a gefen duron ta ciki, ka haɗa su da waya, amma kada ko ɗaya ya taɓa farantin. Sai ka kawo cajar batirin mota: baƙin kai a jikin farantin murhu, jan kai a jikin rodin. Kada ka juya su, in ka juya murhun ne zai riƙa cinyewa. Za ka ga kumfa tana tashi, ruwan ya yi jajir, tsatsa da tsohon fenti suna sakin ƙarfen suna komawa wajen rodin. Faranti mai tsatsa sosai yakan kwana ɗaya ko biyu. In ka ciro za ka tarar da baƙin dauɗa mai laushi, burushin waya zai kwashe shi. Kyawun hanyar shi ne ba ta cin lafiyayyen ƙarfe, don haka rubutun ƙofar da zanen da ke jiki za su fito yadda aka zuba su.

Sharuɗɗa: a fili za a yi, domin kumfar nan iskar haidirojin ce, tana kama wuta. Kada a sa gishiri a maimakon soda. Kada a sa ƙarfen sitenles a wurin rodi, yana sakin guba a cikin ruwan. A kashe caja kafin a sa hannu.

Bakaniken_Ladipo:
Oga Injiniya, wannan aikin wuta yake so ta tsaya awa da awanni. A unguwarmu in an kawo ta awa uku mun gode Allah. Janareta kuma man da za ta sha ya fi kuɗin murhun.

Injiniya_Apapa:
Falan sola guda ɗaya ya isa, domin wutar da yake bayarwa irin ta batir ce kai tsaye. Da rana ya yi aiki, da dare ya huta, ba abin da zai lalace in farantin yana cikin ruwan soda. Ni ma sabbin cajoji masu kwakwalwa ba na ba da shawararsu, in ba su ji batir a jikinsu ba ƙin tashi suke yi. Tsohuwar caja mai tiransifoma ta fi.

Hajiya_Mile12:
Ni dai ban san lantarki ba, amma tun muna yara in tukunyar ƙarfe ko dutsen guga ya yi tsatsa, tsamiya muke jiƙawa mu tsoma shi ya kwana, da safe a dirje da toka da soso. Lemun tsami ma yana yi. Tsamiya ga ta nan buhu-buhu a wajenmu. Kuma sodar da Injiniya ke faɗa, kanwa ba za ta yi ba?

Injiniya_Apapa:
Hajiya, maganarki tana kan hanya. Tsamiya da lemun tsami duk asid ne mara ƙarfi, za su yi wa ƙananan kaya irin su marikin ƙofa da murfin iska. Sai dai a riƙa dubawa, kada a manta da su a ciki kwana da kwanaki, kuma in an ciro a ɗauraye da ruwan soda don a kashe tsamin. Kanwa kuwa akwai sodar a cikinta, amma tana zuwa gauraye da gishiri da ƙasa, shi ya sa na fi son a sayi sodar wanki wurin masu kayan haɗa sabulu.

Nas_Agege:
Ku yi haƙuri in katse ku, akwai abin da ya fi tsatsa muhimmanci. Ɗan_Owode, ka duba gefen ƙofar ta ciki da tsakanin farantai. In ka ga wata farar igiya ko wani abu kamar kwali mai burtsatsi, ka ɗauka asbestos ne, domin da shi ake toshe irin waɗannan murahu a da. Ƙurarsa in ta shiga huhu ba ta fita, kuma cutar sai bayan shekaru 20 ko fiye take bayyana. Ka jiƙa shi sharkaf da ruwa, ka ciro a hankali, ka ƙulle a leda biyu. Kada giranda ko burushi ya taɓa shi a bushe.

Haka tsohon fenti, in akwai saura. Fentin zamanin da yakan zo da dalma a cikinsa. Ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, yara kusan 400 suka rasu saboda ƙurar dalma da ta shiga gidaje. Can daga dutsen zinariya ne, amma gubar ɗaya ce. Ka sa takunkumi mai kyau da tabarau, kada ka shiga gida wurin yara da kayan da ka yi aikin da su.

Ɗan_Owode:
Akwai farar igiyar kuwa a gefen babbar ƙofa, rabinta ta zube. Allah ya saka da alheri, Nas. Zan yi yadda kika ce.

Baba_Maƙeri:
Yaro, ina gaishe ka da wannan niyya. Ni gadon ƙira na yi, kakanninmu a gindin Dala suka zauna, inda aka narka tama tun kafin a yi ganuwar Kano. Amma aikinmu na dukan ƙarfe ne a kan uwar maƙera, wannan kuwa zuba shi aka yi yana ruwa a cikin rairayi. In ka sa shi a wuta ya yi ja ka daka, wargajewa zai yi. Saboda haka kada wani maƙeri ya ce maka zai miƙe maka ragar nan da ta lanƙwashe, ba za ta miƙu ba.

Ga abin da zan ƙara maka. In ka wanke farantai, ka rataye kowanne ka ɗan ƙwanƙwasa da ƙaramin ƙarfe. Lafiyayye zai yi ƙara mai tsawo, mai ɓoyayyiyar tsaga kuwa ƙararsa a mace take fita. Inda kake shakka, ka shafa alli a fuska ɗaya, ka zuba kananzir a ɗaya fuskar. In akwai tsaga, kananzir zai ratso ya zana maka ita a jikin allin. Tsagar da ido ke gani sau da yawa ta fi haka tsawo.

Maiwalda_Idi-Araba:
Baba ya gama magana. To mu zo kan tsagar. Abin da ya sa waldar kas ke ba mutane kunya shi ne yawan kabon da ke cikinsa, kashi 2 zuwa 4 cikin 100, alhali rodin gini bai kai ko rabin kashi 1 ba. In ka narka wuri ɗaya ya huce da sauri, gefen waldar yakan yi tauri ƙwarai, sauran farantin kuma yana ja, sai ka ji ƙas, sabuwar tsaga ta fito kusa da wadda ka ɗinke.

Yadda nake yi: in huda ƙaramin rami a ƙarshen tsagar ta kowane gefe don kada ta ci gaba da tafiya. In buɗe bakinta da giranda ya zama kwari. In gasa farantin gaba ɗaya a kan gawayi har ya kai kamar digiri 300 zuwa 400, ba wurin tsagar kaɗai ba. Sai in sa wayar nikel, ba wayar da muke ƙofa da taga da ita ba. Ina ɗinki gajere-gajere, santimita 2 ko 3, in tsaya in ɗan bubbuga waldar da ƙaramar guduma tun tana da zafi, in tsallaka wani wuri in sake. In na gama in binne farantin cikin busasshen rairayi ko toka mai ɗumi ya kwana. Ba ruwa, ba fanka. Wayar nikel tana da tsada, ana sayar da ita ɗaiɗai, kuma akwai jabu da yawa, ka tafi da wanda ya san ta.

Injiniya_Apapa:
Malam Maiwalda, hanyarka daidai take, ba ni da ja a kanta in a kan bulok ɗin inji ne ko ƙafar keken ɗinki. Amma bangon murhu daban ne. Ƙarfen da ya shekara da shekaru yana shan wuta yana hucewa yakan ƙone ta ciki, walda ba ta kama shi da kyau. Kuma ko ta kama, kullum za a hura wuta ya buɗe, ya huce ya tsuke, nikel da kas kuma ba daidai suke motsi ba. Ni da nawa ne, zan huda ramukan nan biyu da ka ce, in cike tsagar da simintin wuta, in ɗora farantin ƙarfe mai kaurin milimita 5 ko 6 ta ciki in ɗaure da noti, ramukan notin su ɗan fi notin faɗi don ƙarfe ya sami wurin motsi. Sannan in jera bulon wuta a ciki don harshen wuta ya daina dukan bangon.

Maiwalda_Idi-Araba:
Oga, faci da noti ai kowa ya iya. Mutum zai aika wa mahaifiyarsa kaya da kawunan noti shida a waje? Na ɗinke manifol na mota da ke yin ja da zafi, yana nan yana aiki. A kawo farantin in gani. In na taɓa shi da giranda na ga yadda tartsatsin yake da yadda ƙarfen ke haske, zan san ko ya ƙone. In ya ƙone ni da kaina zan ce a bi taka hanyar.

Bakaniken_Ladipo:
Me zai hana a yi masa waldar gas da tagulla? Mu haka muke yi wa kas a gareji, ba ta tsagewa.

Maiwalda_Idi-Araba:
Tana yi a ƙafa ko marikin ƙofa. A bangon da wuta ke duka ba na so, tana yin laushi in zafi ya yi yawa, kuma launinta rawaya zai riƙa leƙowa ta ƙarƙashin baƙin.

Mai_Shayi_Obalende:
Ni tambayata daban ce. Irin wannan murhun saman sa zai tafasa butar shayi? In zai yi, ni ina so in akwai wani. Gas ya yi tsada, gawayi a buɗaɗɗen murhu kuma iska ke cinye rabinsa.

Ummu_Bukuru:
Zai tafasa mana, in samansa shimfiɗaɗɗe ne. Amma a zafin Legas ka tsaya kusa da ƙarfe kilo 94 mai zafi tun magariba har tsakar dare? Masu shan shayin ma gudu za su yi. Shi amfaninsa ai shi ne riƙe zafi, wuta ta mutu amma ƙarfen yana ta ba da ɗumi na wani lokaci, irin gadon ƙasa da kakanninmu ke hura wuta a ƙarƙashinsa.

Ɗalibin_Akoka:
Abin da ke damuna shi ne yawan irin waɗannan kaya da ke wucewa ta hannunku zuwa tukunyar narkawa ba wanda ya duba. Ƙafafun keken Singer, dutsen guga mai zakara, tsofaffin sikeli, kayan jirgin ƙasa. A harabar reluwe ta Ebute Metta akwai Jaekel House, ginin 1898, an mayar da shi ƙaramin gidan tarihi, duk wanda ya shiga zai ga darajar tsohon ƙarfe. Da 'yan gwangwan za su riƙa ware irin waɗannan gefe guda, da an tsira da abubuwa da yawa.

Sikeli_Ba_Ƙarya:
Malam ɗalibi, mu da kuɗin mutane muke juyawa. Wanda ya ba ka jari ba zai karɓi tarihi ba ranar biya. Fili ma a kasuwa kuɗi ne. In akwai mai saye a kawo shi, za mu ware.

Ɗan_Owode:
Jama'a mu dawo kan murhu. Na samu na kwance shi, noti biyu kawai na yanke. Na haɗa duron Injiniya da falan sola, ƙofar ta fito tas, har zanen ganye ya bayyana a gefenta wanda da ban san da shi ba. Amma ina wankewa na jingine ta, kafin la'asar ta sake yin ja. Me ya jawo haka? Kuma ragar wutar fa, masu zuba tukwane za su iya zuba min sabuwa?

Injiniya_Apapa:
Iskar Legas ce. Laima a nan takan wuce kashi 80 cikin 100, ga gishirin teku a cikinta, ƙarfen kuma tsirara yake, ba mai ba fenti. Wannan jan na sama-sama ne, burushi zai ɗauke shi. Daga yanzu in ka ciro faranti ka ɗauraye, ka goge, ka ɗora a kan garwashi ko ka bi shi da wutar gas har ya bushe ƙarau, sannan ka rufe shi a ranar. In ba ka shirya fenti ba, gara ka bar shi cikin ruwan sodan.

Raga kuwa, masu tukwane da sanholo suke zubi, shi kuma a digiri 660 yake narkewa, garwashi mai kyau zai zubar da shi. Kas sai wajen digiri 1,200. Ko ka kai guntayen tsohuwar wurin masu zubin kas su yi amfani da su a matsayin samfur, ka tuna musu ƙarfe yana tsukewa kamar kashi 1 cikin 100 in ya huce, ko kuma Malam Maiwalda ya haɗa maka ta rodi mai kauri. Ta rodi ba za ta daɗe kamar ta asali ba, amma in ta ƙone ko a Bukuru za a yi wata.

Fenta_Mushin:
An zo wurina. Kada ka sa jan fentin ƙasa da muke sa wa get, kada ka sa fentin mai, kada ka sa na mota. Wutar farko za su kumbura su ƙone su cika ɗaki da wari. Ka nemi fentin feshi na zafi wanda aka rubuta digiri 600 ko 650 a jikin gwangwaninsa, masu kayan salansa a Ladipo suna da shi. Ka goge ƙarfen da tina don kada a bar maiƙo, ka fesa siriri-siriri sau biyu ko uku, kana barin tazara. In ka yi kauri ɓarewa zai yi. Cikin murhun ba a yi masa fenti. Kuma wannan fentin ba ya gama kamawa sai ya sha zafi, don haka in ka haɗa murhun ka hura ƙaramar wuta a tsakar gida, ka bari ya huce, ka sake hura wadda ta fi ta, haka har hayaƙin fentin ya daina tashi. Wannan zai kuma busar da simintin wutar da ka sa a gaɓoɓin a hankali. Kada a yi wutar farko a ɗakin Hajiya.

Baba_Maƙeri:
Ni fenti bai kwanta min ba. Waɗanda suka ƙera shi ba fenti suka sa ba, baƙin shafi suke yi masa na garin giraf, irin abin da ke cikin fensir, a shafa a goge da burushi har ya yi ƙyalli. Shi ba ya ɓarewa, ba ya cike zane, in ya dushe a ƙara. Fenti in ya fara ɓarewa sai an kankare duka.

Fenta_Mushin:
Baba, da girmanka, shafin nan ba ya tare ruwa. Murhun zai yi kwanaki a Legas, ya hau mota cikin damina, ya je ya zauna wata takwas ba a hura shi ba. Kuma wa zai riƙa shafa wa tsohuwa duk shekara? Abu ɗaya dai ka sani, Ɗan_Owode: in ka fara sa shafin, fenti ba zai ƙara kama wurin ba sai ka sake wanke shi tas. Ka zaɓa tun yanzu.

Bakaniken_Ladipo:
Baƙin mai fa? Mu shi muke shafa wa duk ƙarfen da ba mu so ya yi tsatsa.

Nas_Agege:
Haba Malam, a ɗakin da tsohuwa za ta kwana? Baƙin mai cike yake da dattin inji, in ya ji wuta ita za ta shaƙa. In dai saman da za a ɗora buta ne, man gyaɗa kaɗan a shafa a gasa ya isa.

Kuma tunda na dawo, ku bar ni in faɗi abin da ya fi damuna. Duk gyaran nan in bututun hayaƙi bai yi daidai ba, an kai wa baiwar Allah haɗari ne har ɗaki. Iskar da gawayi da itace ke fitarwa in ba su sami isasshiyar iska ba, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma jini yana kama ta fiye da iskar numfashi sau 200 da wani abu. Ita ce dai ta janareta da muke jin ta kashe iyali guda cikin dare. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, sai barci. Saboda haka kowace gaɓa ta murhun a toshe ta da simintin wuta, ƙofar a sa mata sabuwar igiya ta zaren gilas, bututun ya fita ya wuce saman rufi, a bar wata kafa da iska za ta riƙa shigowa ɗakin. Akwai ƙaramar na'ura mai batir da ke ƙara in iskar ta taru, ka haɗa da ita cikin kayan.

Injiniya_Apapa:
Ƙari a kan maganar Nas. Faɗin bututun ya zama daidai da bakin da ke bayan murhun, kada a rage. Kada a yi shi da kwanon rufi ko bututu mai ruwan zin, in ya yi zafi yana fitar da hayaƙi mai sa zazzaɓi, baƙin ƙarfe za a sa. Inda zai ratsa rufi a nisanta shi da katako, in kuma silin roba ne a ɗakin to a fitar da shi ta bango. A Amurka ƙa'idar irin waɗannan tsofaffin murahu ita ce inci 36, wajen santimita 90, tsakaninsu da duk abin da zai iya kama wuta, gado ne ko labule ko akwati. A zuba rairayi kaɗan a ƙasan cikinsa kafin a fara wuta. Itace kuma busasshe, ɗanye yana tara baƙin kwalta a cikin bututu, ita ce ke kamawa da wuta wata rana. Duk farkon hunturu a sauke bututun a kakkaɓe.

Ummu_Bukuru:
Itacen ma abin dubawa ne, dazukanmu sun ƙare. Amma rufaffen murhu mai murfin iska ba ya cin itace kamar murhun duwatsu uku, guda uku ko huɗu masu kauri za su kai dare. Ka tabbata akwai wanda zai riƙa kwana kusa da ita ya kula da wutar, kuma a yi wa jikoki shinge, ƙarfen nan ba ya nuna alamar zafi a ido.

Ɗan_Owode:
Ƙanwata tana tare da ita, kuma ɗakin silin katako ne, don haka ta bango za mu fitar. Malam Maiwalda, zan kawo maka farantin ranar Asabar ka duba, abin da ƙarfen ya nuna shi za mu bi. Maganar fenti da shafi har yanzu ina tsakiya. Zanen ganyen nan ya yi kyau ƙwarai, ina tsoron fenti ya cike shi.

Fenta_Mushin:
In siriri ka fesa ba zai cike ba. Kawo ƙaramar ƙofar tokar in gwada maka a kanta ka gani da idonka.

Baba_Maƙeri:
Ka gwada shafin a bayan babbar ƙofar kai ma, ka ajiye su gefe da gefe.

Direban_Tirela:
Duk wanda kuka zaɓa, in an zo tafiya ku neme ni. Motocin da ke kawo dankali da kabeji daga Filato suna sauke kaya a Mile 12 su juya, ba za a rasa wuri ba. Amma kada ku ɗora shi a tsaye kan ƙafafunsa, ramukan hanyar Lokoja zuwa Abuja za su karya su. Ku cire ƙafafun da ƙofofin ku naɗe daban cikin buhu, gangar jikin a kwantar da ita kan tsofaffin tayoyi a ɗaure, a rufe da tamfol. Bulon wutar kuma a kwali, sai an isa a jera.